Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne: magana kan poka, damuwa da ɗaukar hutu

  Na gode da kuka bar shayi a kan wuta kuka zo.

Maganata ta yau a kan wasan karta ne na kuɗi da ake kira poka, da kuma abin da mai yin sa ya fi ƙi a duniya, wato ya ajiye karta ya tashi. Na san wani zai ce, mu ina ruwanmu da poka, ai wasan Amurkawa ne? Gaskiya ne, can aka haife shi. Amma yau teburinsa ya shiga cikin salula, salula kuma tana aljihun kowa. Da forfen dala ɗari, yaro yana kwance a ɗakinsa a Maraɗi ko Damagaram, yana zaune tebur guda da mutumin da ke wata nahiya, kuma kuɗin da ke fita kuɗin gaske ne. Wanda bai taɓa poka ba ma kar ya tashi, don in kana parin ƙwallo ko belot na kuɗi a fada, mafi yawan abin da zan faɗa naka ne.

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne. Yana cikin suratul Baƙara da suratul Ma'ida, malamai sun yi bayaninsa, kuma sun fi ni iya bayanin. Wanda ya faɗa ciki ya san hukuncin sarai, amma sanin bai fidda shi ba. Shi ya sa nake so mu yi magana a kan ƙofar fita: yadda mutum zai tashi daga tebur, na minti ashirin, na sati guda, ko na har abada.

Bari mu fara da sanin wasan. Poka ya taso a Amurka a farkon ƙarni na 19, wajen birnin New Orleans, ya bi jiragen ruwa na kogin Mississippi ya bazu. A 1970 aka fara babbar gasarsa ta duniya a Las Vegas. Shekara da shekaru harka ce ta ƴan tsiraru, sai a 2003 wani ma'aikacin lissafin kuɗi daga jihar Tennessee, mai suna Chris Moneymaker, ya shiga wata ƙaramar gasa ta intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya samu kujera a babbar gasar, ya cinye dala miliyan 2.5. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. A shekarar, mutum 839 suka shiga gasar. Zuwa 2006 sun kai 8,773, kowa yana ganin kansa a rigar Moneymaker. Kuɗin kujera dala 10,000 ne, kuma kusan mutum 9 cikin 10 na waɗancan dubban sun koma gida ba ko sisi. Su ba a yin talla da hotonsu.

Masu poka suna son su ce wasansu gwaninta ne, ba kamar tikitin loto ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya: wanda ya iya ya fi wanda bai iya ba in aka daɗe ana yi. To amma a nan ne damuwar take ɓoye. Ku saurari lissafin. Karta 52 ce. A irin pokan da ya fi yaɗuwa, Texas Hold'em, kowa ana ba shi karta biyu a rufe. Mafi ƙarfin abin da za ka samu shi ne as biyu, kuma yana zuwa sau 1 ne cikin rabo 221. Ka jira, ka jira, ya zo. Abokin karawarka yana riƙe da sarki biyu, kun zuba duk kuɗinku. Za ka ci kusan sau 4 cikin 5. Ma'ana, sau 1 cikin 5 za a kwashe kuɗinka alhali ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Wani kuma zai yi wasan wauta ya tashi da riba.

Kun ga bambancinsa da sana'a? Tela in ya yanka yadi ba daidai ba, rigar za ta gaya masa. Makanike in ya ɗaura abu a karkace, mota ba za ta tashi ba. Poka shi ba ya gaya maka gaskiya a dare guda. Yana iya ba ka lada a kan kuskure, ya hukunta ka a kan daidai. Ƙwararru da kansu suna shiga lokacin da za su buga dubban hannu suna asara. Zuciyar ɗan Adam ba a gina ta don ta jure irin wannan ba. Tana son in ta yi ƙoƙari ta ga sakamako, in ba ta gani ba sai ta fara tafasa.

Sannan akwai la'ada. Mai gidan caca ko mai shafin intanet yana cire kasonsa daga kuɗin da aka tara a tsakiya, sau da yawa wajen kashi 5 cikin 100, har zuwa wata iyaka. Ku ɗauka mutum shida sun zauna, kowa da jikka 10, jimla jikka 60. Kuɗin yana yawo tsakaninsu, kowane zagaye mai gida yana tsakura. Kafin asuba abin da ke kan teburin bai kai jikka 60 ba, ko wa ya ci ko wa ya faɗi. Shi ya sa mafi yawan masu wasan, in aka yi lissafin dogon lokaci, asara suke yi. Mutum ɗaya ne ba ya kwana da fargaba, shi ne mai karɓar la'ada.

Yanzu mu koma cikin jiki. Lokacin da kuɗinka ke tsakiyar tebur kana jiran karta ta ƙarshe, jikinka yana ɗaukar abin kamar haɗari ne ya taso. Zuciya tana bugu da sauri, tafin hannu yana gumi, sinadaran tashin hankali irin su adrenalin da kortizol suna hauhawa cikin jini. Allah Ya yi su don ɗan lokaci, ka gudu ko ka kare kanka, sannan ka huce. Mai poka yana zaunar da jikinsa cikin wannan hali awa biyar, awa shida, yana zaune wuri guda. Daga nan sai barci ya lalace, abinci ya fita rai, ƙaramar magana ta zama faɗa a gida.

Masu wasan suna da suna ga lokacin da hankali ya gushe, suna ce masa "tilt". Kalmar ta fito daga wani injin wasa na da, wanda in mai wasa ya fusata ya jijjiga shi sai ya kulle, ya ƙi aiki. Mu sai mu ce zuciya ta ɗebe shi. Alamominsa a fili suke. Kartar da kullum kake jefarwa, yanzu ka riƙe ta. Ka ƙara kuɗin shiga don ka fanshe da wuri. Ka ƙulla gaba da wani da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, ka rantse sai ka rama. Ana kiran salla kana cewa hannu ɗaya ya rage. Ana kiranka a waya kana kashewa. A wannan lokacin gwanintar da kake taƙama da ita ta riga ta tashi ta bar ka a kujera. Abin ya kai har akwai masu horar da ƴan poka a kan wannan kaɗai. Ɗaya daga cikinsu, Jared Tendler, ya fitar da littafi sukutum a 2011 a kan yadda zuciya ke kayar da mai wasa.

To mi ya sa tashi yake da wuya haka? Kar ku yi saurin cewa raunin hali ne. Akwai dalilai da masana suka daɗe da ganowa.

Na ɗaya, zafin asara ya fi daɗin riba. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna haka a aikinsu na 1979, kuma daga baya aka ƙiyasta cewa zafin ya kai kusan ninki biyu. Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002. Sun kuma nuna cewa mutum in yana cikin asara ya fi yarda ya yi kasada, don kar ya amince cewa abin ya tafi. Tashi daga tebur kana ƙasa, a wurin zuciya, kamar sa hannu ne a kan takardar asara. Shi ya sa take cewa zauna.

Na biyu, ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi kama rai. Wani masani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya gwada haka da tantabaru. In tantabara tana samun ƙwaya duk lokacin da ta yi saƙo, ranar da aka daina ba ta, nan da nan take haƙura. In kuwa ƙwayar tana zuwa jefi-jefi, ba tsari, sai ta yi ta saƙo ba ji ba gani. Karta haka take ba da lada.

Na uku, saurin intanet. A teburin gaske ana buga wajen hannu 30 a awa. A salula abin ya ninka sau biyu ko fiye a tebur guda, kuma kana iya buɗe tebur da yawa lokaci ɗaya. Ba ka ƙirga takardar kuɗi da hannunka, lamba ce kawai take sauka. Ba mai gadi da zai ce an rufe. Ƙarfe uku na dare teburin yana nan, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ta fi son kasada.

Ku haɗa waɗannan uku, sai ku samu abin da ya fi komai halaka mai caca: bin asara. Ka shiga da jikka 20, rabi ya tafi, saura 10. Don ka koma inda ka fara, sai ka ninka abin da ya rage, riba ɗari bisa ɗari, kuma da kan da ya riga ya ɗau zafi. Sai ka ƙara wasu 20 daga kuɗin da ba na wasa ba. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan jikka 42 ne a wata. A zama guda mutum yana iya zubar da guminsa na wata. Garin neman gira, an rasa ido.

In kuna tsammanin gwaninta tana kare mutum, ku ji labarin Stu Ungar. Da yawa cikin masana wasan suna sa shi a sahun waɗanda ba a taɓa yin kamarsu ba. Ya ci babbar gasar duniya sau uku, a 1980, 1981 da 1997, kuma a ta ƙarshen ya karɓi dala miliyan ɗaya. Abin da ya ci a karta yana zuba shi a parin wasanni da tseren dawaki da ƙwaya. A watan Nuwamban 1998 aka iske gawarsa a ɗakin wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, dukiyar duk ta ƙare. Ya iya karanta kowa a tebur. Tashi ne bai iya ba.

Ga abin da nake so ku riƙe daga duk maganar nan. A poka, ba kai ke zaɓen kartar da za ta zo ba, ba kai ke zaɓen abin da abokin karawa zai yi ba. Abu ɗaya ne yake hannunka ɗari bisa ɗari: lokacin tashi. Kuma hutu kala uku ne.

Na farko, hutun cikin zama. Manyan gasanni da kansu suna tilasta shi. A babbar gasar Las Vegas, bayan kowace awa 2 ana tashi na wajen minti 20, ban da hutun cin abinci. A gasannin intanet an saba tsayawa minti 5 kowace awa. Mutanen da wannan ne abincinsu ke nan. To kai wane ne da za ka zauna daga isha'i zuwa asuba ba ka miƙe ba? Ƙa'idar ita ce a yanke iyaka tun kafin a zauna, lokacin da kai yake sanyi: ƙarfe nawa zan tashi, kuma nawa ne in ya tafi na gama na yau. Rubuta shi a takarda, sa ƙararrawa a waya. In ta buga, ajiye wayar a ɗaki ka fita. Wanke fuska, sha ruwa, taka zuwa bakin titi ka dawo, ja numfashi a hankali. Jiki yana buƙatar minti 15 zuwa 20 ko fiye kafin ya sauka. Tsayawa kana kallon yadda wasu ke bugawa ba hutu ba ne. In iyakar kuɗin ta cika, babu sake zubawa, ko da zuciya ta rantse maka cewa sa'a na bakin ƙofa. Karta ba ta da tunani, ba ta san ka yi asara ba, ba ta bin ka bashin komai, kai ma ba ka bin ta.

Kuma akwai halin da bai kamata a zauna ba sam: kana jin yunwa, kana cikin fushi, ba ka yi barci ba, ka fito daga rigima. Akwai kuɗin da bai kamata ya kusanci tebur ba: kuɗin haya, kuɗin cefane, burs ɗin karatu, jarin da uwa ta ba ka, kuɗin adashin da aka ba ka ajiya, da duk abin da aka ranto.

Na biyu, hutun kwanaki, daga sati guda zuwa wata. Wannan na wanda ya ga alamun sun bi shi har wajen tebur: yana kwance yana ganin karta, yana cikin aji ko wurin aiki yana lissafin hannun jiya, yana jin ƙirjinsa a ɗaure. Irin wannan hutun ba a yin sa da niyya kaɗai, don niyyar safe ba ta kai dare. Sai an toshe hanya. Fara da fidda abin da ya rage a kontin, ka miƙa shi ga wanda ka yarda da shi. Shafuka da yawa suna da wurin da mutum zai kulle kansa na kwanaki ko watanni, nemo shi ka danna kafin ka goge manhajar. Fita daga gurup-gurup na WhatsApp da Telegram da ake tura hoton riba. Daina kallon bidiyon wasan, don kallon ma yana tayar da ƙishirwa. Sannan ka gaya wa mutum ɗaya, aƙalla ɗaya, cewa daga yau zuwa rana kaza na ajiye.

Zan gaya muku gaskiya, kwanakin farko ba daɗi. Za ka ji ƙunci, ka ji komai ya yi lami, hannu yana neman waya da kansa. Wannan ba alamar cewa hutun bai karɓe ka ba ne, alamar yadda abin ya kama ka ne. Sha'awar tana tasowa, ta yi ƙarfi, sannan ta sauka in ba a biya mata ba. In ta taso, ce mata sai bayan minti 30, ka tashi ka bar wurin da kake. Kuma a cike gurbin. Awa huɗu ko biyar da kake kashewa kowane dare ba za su zauna fanko ba. Ƙwallo da yamma, gudu da safe, karatun konkur, koyon wata sana'a, zama da tsofaffi a gida, barci da wuri. Abin da ba a yarda ba shi ne a bar poka a koma parin ƙwallo ko belot na kuɗi. Wannan sauya ɗaki ne a gida ɗaya.

A cikin hutun akwai aiki guda da nake roƙon kowa ya yi. Ɗauki takarda da biro, buɗe tarihin aika kuɗi na wayarka, rubuta duk abin da ya shiga wasa da duk abin da ya fito cikin wata uku. Ƙwaƙwalwa tana riƙe daren da ka ci jikka 50, tana mance darare goma da aka ci ka jikka 8. Takarda ba ta mantuwa. Ƙara da kuɗin forfe, da awannin da suka tafi. Abin da ka gani a ƙasan shafin, shi ne gaskiyar wasanka.

A nan sai na ja kunne. Wasu suna ɗaukar hutu kamar ɗan dambe da ya koma gefe ya sha ruwa don ya dawo ya rama. Hutu yana gyara barci, yana sanyaya zuciya, yana dawo da hankali. Amma ba ya canza lissafi. La'adar tana nan, as biyu zai ci gaba da faɗuwa sau 1 cikin 5. Wanda ya dawo da niyyar karɓo kuɗinsa bai huta ba, ya dai jinkirta bin asara ne. Kuɗin da ya tafi ya tafi. In ruwa ya zube ya bar tulu, an yi sa'a, kuma tulun kai ne.

Hutu kuma awo ne, shi ya kawo mu kala na uku. In ka ce sati guda, ka kasa kai kwana uku, ka sake gwadawa ka sake kasawa, to hutun ya gaya maka abin da kake buƙatar sani. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa matsalar caca a rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Likitocin sun jera alamomi 9. Buƙatar ƙara kuɗi don a ji daɗin da ake ji da. Ƙunci in an yi ƙoƙarin ragewa. Yunƙurin bari da ya sha faskara. Tunanin wasan kullum. Yin wasa don guje wa baƙin ciki. Komawa don fanshe asara. Ƙarya don ɓoye girman abin. Sa aure, aiki ko karatu cikin haɗari. Dogara ga wasu su fidda ka daga bashin caca. Wanda ya ga 4 daga ciki a kansa cikin shekara guda, a wurin likitoci yana da cutar. Kowa ya ƙirga a zuciyarsa, ban ce a ɗaga hannu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga irin wannan mutum, hutun da zai yi masa magani shi ne wanda ba shi da ranar komawa. Kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Mai ciwon suga da ya bar lemo ba a ce masa rago.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi haɗari, shi ne kunya. Bashi ya taru, an taɓa kuɗin mutane, ba ka iya kallon idon mahaifiya. Likitoci sun tabbatar cewa masu matsalar caca suna cikin waɗanda tunanin kashe kai ya fi kusanta. Ɗan uwa, in ka kai nan, ina roƙonka don Allah kar ka kwana da shi kai ɗaya. Yau ɗin nan ka samu wani, yayanka, abokinka, limamin unguwa, likita. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne. Bashi ana zama a tsara shi, a biya kaɗan-kaɗan, ko shekara nawa zai ɗauka. Rai in ya tafi ba a ranto shi.

Ku kuma da abokinku ko ƙanenku ko mijinku ke ciki, kuna da aiki. Kar ku mayar da shi abin dariya a fada, don gori yana tura mutum cikin ɗaki, ɗaki kuma nan teburin yake. Kar ku ba shi kuɗi a hannu ya biya bashi, sau da yawa teburin za su koma. In za ku taimaka, ku biya mai bashin kai tsaye, kuma da sharaɗi. In ya ce ku riƙe masa kuɗinsa, ku riƙe, ko ya dawo tsakar dare yana roƙo. Ku san lokacin da ya saba wasa, ku kira shi a lokacin, ku ja shi waje. Ƴan uwa mata, ku raba kuɗinku da na gida daga inda hannunsa zai kai, wannan ba cin amana ba ne, kare gida ne. A 1957 aka kafa wata ƙungiya a Los Angeles mai suna Gamblers Anonymous, inda masu matsalar caca ke zama da'ira suna gaya wa juna gaskiya ba tare da an kunyata kowa ba. Mu da'irar muna da ita tuntuni, da tabarma da butar shayi. Abin da ya rage shi ne ta zama wurin da mutum zai iya cewa na faɗa rami, a miƙa masa hannu.

Nauyin kuma bai tsaya kan matashi shi kaɗai ba. Wasu ƙasashe sun mayar da hutu haƙƙi. A Birtaniya, tun 2018 akwai tsarin GAMSTOP: mutum ya yi rajista sau ɗaya, a rufe masa shafukan caca masu lasisi na wata 6, shekara 1 ko shekara 5. A 2020 suka hana yin caca da katin bashi na banki. A Faransa mutum yana iya neman hukuma ta hana shi shiga gidajen caca da shafukan intanet masu lasisi na aƙalla shekara 3. Waɗannan ƙasashe sun gane cewa mutum yana yanke shawara mai kyau da rana, dare ya warware ta, don haka suka ba shi makulli. Mu ma muna da bakin da za mu nemi irin wannan daga hukumominmu: a tabbatar da shekarun mai shiga, a ba mutum hanyar kulle kansa, a sa ido kan tallar da ake cusa wa yara, a samar da wurin da mai matsala zai je a saurare shi.

Kafin nan, ga abin da nake nema daga gare ku. Duk wanda ke taɓa karta ta kuɗi ko pari, ya ajiye na kwana 7 daga daren yau. Ya gaya wa mutum ɗaya kafin ya kwanta. Ya yi lissafin wata ukun nan a takarda. In kwana 7 sun wuce lafiya lau, ka samu barci, ka san matsayinka, sai ka tambayi kanka ko akwai abin da ka rasa. In sun gagara, ka samu amsar da ta fi duk abin da za ka ci a tebur, kuma ka san lokacin neman taimako ya yi. Wanda ba ya wasa, ya nemi wanda ke yi, ya ce masa ni ne mutum ɗayan naka.

Allah Ya tsare mana hankalinmu da guminmu, Ya fidda wanda ya faɗa.  Wanda ke da tambaya, bismillah, wanda kuma maganarsa ba ta cikin taro ba ce, ina nan bayan an tashi.